Shayar da Jariri: Yaya Ake Gane Cewa Nono Yana Isar Sa?

Gabatarwa

Daga cikin abubuwan da suka fi damun mai jego, musamman mai haihuwar fari, akwai fargabar ko nononta ba ya isar jaririnta. Dalilin wannan fargaba a fili yake: nono ba kwalba ba ne, balle a ɗaga a ga yawan abin da yaro ya sha. Da zarar jariri ya cika kuka, sai kaka ko maƙwabciya ta ce yunwa ce, a haɗa masa da ruwa ko madarar gwangwani. Binciken lafiyar al'umma da aka gudanar a Nijeriya a shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 29 cikin 100 ne kacal na jariran da ba su kai wata 6 ba ake shayar da su nono zalla. Manufar wannan darasi ita ce bayyana yadda jiki ke samar da nono, da kuma alamomin da ilimin kimiyya ya amince da su wajen gane ko jariri yana samun abin da ya ishe shi.

Yadda Jiki ke Samar da Nono

A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu mai girman ƙwayar wake, wanda ake kira fituwitari. Idan jariri ya kama nono, jijiyoyin kan nonon sukan aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, sai wannan ƙullutu ya saki sinadarai biyu cikin jini. Na farko shi ne furolaktin, wanda ke sa a ƙera ruwan nono. Na biyu kuwa shi ne oksitosin, wanda ke matse 'yan jakunkunan da nonon ke taruwa a ciki har ya gangaro. Shi ne kuma ke sa mahaifa ta tsuke, abin da ya sa mai jego kan ji ciwon mara yayin shayarwa a kwanakin farko.

Ƙa'idar da ya kamata ɗalibi ya riƙe ita ce: gwargwadon yadda aka tsotsi nono, gwargwadon yadda jiki ke ƙera wani. Idan nono ya daɗe a cike ba a sha ba, jiki yakan rage samar da shi. Saboda haka duk cokalin ruwa ko madara da aka ɗura wa jariri yana rage masa tsotso, raguwar tsotso kuma tana rage nono. Ta haka ƙarancin da ake gudu yake tabbata, garin neman ƙiba a samo rama.

Dakashi da Kwanakin Farko

Nonon da ke fara fitowa bayan haihuwa shi ne dakashi, mai kauri, mai ruwan ɗorawa. A wasu gidaje akan tatse shi a zubar, bisa zaton cewa gurɓatacce ne. Wannan babbar asara ce, domin dakashi cike yake da sinadaran kariya waɗanda ke shafe cikin hanjin jariri, su tsare shi daga ƙwayoyin cuta. Yana kuma taimaka masa fitar da baƙin kashinsa na farko. Shi ya sa ake son a ɗora jariri a nono cikin awa guda da haihuwarsa.

Dakashi ba shi da yawa, amma cikin jariri ma ƙarami ne. A ranar farko, abin da yake sha a kamu ɗaya bai wuce cokalin shayi ɗaya ko biyu ba. Bayan fitar mabiyiya, sinadaran da ke danne nono lokacin goyon ciki sukan ragu, sai nono ya kawo sosai tsakanin kwana na 2 zuwa na 4. A 'yan watannin farko, jariri yakan sha kimanin mililita 750 a kowace rana. Kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne, don haka ko a zafin bazara mai shan nono ba ya bukatar ƙarin ruwa. Abin da yake bukata shi ne a yawaita ba shi nono, uwar kuma ta sha ruwa gwargwadon ƙishinta.

Alamomin da Za a Dogara da Su

Tun da ba a ganin abin da ya shiga, sai a lura da abin da ya fito, a kuma duba ma'auni.

1. Fitsari: A ranar farko jariri yakan yi fitsari kamar sau 1, a rana ta biyu sau 2, yana ƙaruwa. Daga kwana na 5 zuwa gaba, ya kamata ya jiƙa nafkin ko tsumma aƙalla sau 6 cikin awa 24, fitsarin kuma ya zama fari-fari, marar zarni mai ƙarfi. Wannan alama tana aiki ne kawai idan ba a ba yaron ruwa, domin ruwa ma yana sa fitsari ko da ciki babu abinci.

2. Kashi: Yakan fara da baƙi mai danƙo, ya koma kore-kore, sa'annan ya zama rawaya mai laushi wajen kwana na 5. Idan aka kai wannan lokaci kashin yana nan baƙi, akwai alamar nono bai wadata ba. Bayan mako 6, wasu jarirai sukan yi kwanaki ba su yi kashi ba, alhali lafiyarsu ƙalau.

3. Nauyi: Wannan ita ce alama mafi ƙarfi. Jariri yakan ɗan rage nauyi a kwanakin farko, amma raguwar kada ta wuce kashi 10 cikin 100. Misali, wanda aka haifa da giram 3,000 bai kamata ya yi ƙasa da giram 2,700 ba. Zuwa kwana 14 ya kamata ya koma nauyinsa na haihuwa. Daga nan yakan ƙaru da kimanin giram 150 zuwa 200 a mako cikin wata 3 na farko. Ƙarin da bai kai giram 500 a wata ba abin dubawa ne. Wannan shi ne amfanin kai yaro awo da adana katinsa.

4. Yanayin shan nono: Jariri sabon haihuwa yakan sha sau 8 zuwa 12 cikin awa 24, har da dare. Idan ya kama da kyau, bakinsa zai buɗe sosai, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, haɓarsa ta taɓa nonon, ya haɗa da yawancin baƙin da ke kewaye da kan nonon. Za a ga yana zuƙa a hankali, a kuma ji yana haɗiya. A bar shi ya gama da nono ɗaya kafin a ba shi ɗayan, domin maiƙon nono yana ƙaruwa ne yayin da nonon ke raguwa.

Alamomin da ke Ruɗin Mutane

Kuka kaɗai ba hujja ba ne. Jariri yakan yi kuka saboda zafi, ko jiƙa, ko kumburin ciki, ko son a rungume shi. Yawan neman nono ma ba hujja ba ne, domin nono yana saurin narkewa, kuma akwai kwanakin da yaro ke ƙara tsotso, wanda hakan ke sa nonon ya ƙaru. Laushin nono bayan 'yan makonni alama ce ta cewa jiki ya daidaita da bukatar yaron. Girman nono kuwa ya danganta ne da kitse. Mai ƙananan nonuwa tana iya ƙosar da ɗanta sarai. Haka nan, abin da uwa ta iya tatsa da hannu ba shi ne ma'aunin abin da jariri ke zuƙa ba.

Lokacin Garzayawa Asibiti

Akwai jariran da da gaske nono ba ya isar su, galibi saboda rashin kama nono da kyau, ko jinkirta shayarwa, ko rashin lafiyar uwa ko ta yaron. A hanzarta zuwa asibiti idan jariri ya ƙi kama nono, ko ya yi laushi yana ta barci ba ya farkawa, ko fitsarinsa ya ragu ya yi duhu, ko maɗigarsa ta faɗa, ko jikinsa ya yi zafi, ko shawara ta bayyana a ranar farko ko ta kai ga tafin hannu da na ƙafa. A irin wannan hali ma'aikacin lafiya ne zai yanke shawarar ko ana bukatar ƙarin abinci.

Kammalawa

Tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawarar a shayar da jariri nono zalla har wata 6, sa'annan a fara ba shi abinci tare da ci gaba da nono har shekara 2 ko fiye. Cika wannan ba aikin uwa kaɗai ba ne. Miji da dangi su sauƙaƙa mata aikin gida, su wadata ta da abinci, su kwantar mata da hankali, domin damuwa tana hana nono gangarowa. Ɗaliban da suka fahimci wannan darasi kuwa, sai su isar da shi ga iyaye da yayye a gida.

Tambayoyi

1. Bayyana aikin furolaktin da na oksitosin.
2. An haifi jariri da giram 3,500. Wane nauyi ne bai kamata ya yi ƙasa da shi ba a makon farko?
3. Me ya sa ƙirga fitsari ba ya amfani ga jaririn da ake ba ruwa?