Sankarar hanta daga ɗakin jego take farawa: shawarwari ga iyalai

A 1975 wani likita ɗan Amurka mai bin diddigin cututtuka, Palmer Beasley, ya fara bibiyar lafiyar ma'aikatan gwamnati maza 22,707 a Taiwan. Da shekaru suka ja, sai ya tarar cewa masu ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B sun fi sauran kamuwa da sankarar hanta wajen ninki 100. Shi ne kuma ya nuna uwa kan ba jaririnta ƙwayar a wajen haihuwa. Taiwan ta soma yi wa jarirai rigakafi a 1984, sankarar hanta ta ragu a tsakanin yaranta. Ƙwayar nan tana nan jingim a ƙasar Hausa.

1. A yi wa jariri allurar rigakafin ciwon hanta cikin awa 24 da haihuwarsa, ko da a gida aka haihu. Wannan ce shawarar da ta fi damuna, domin mun saba jiran suna, wasu ma sai an yi arba'in. Babba idan ya kamu, galibi jikinsa kan kori ƙwayar. Jariri kuwa, 9 cikin 10 za su zauna da ita har girma, tana cin hanta shiru babu ciwo, sai mutum ya kai ƙarfinsa, yana da iyali, ciki ya kumbura. Maigida, kai jaririn asibiti aikinka ne, maijego ba ta da wannan ƙarfin. A cika sauran alluran kuma.

2. Mai juna biyu ta nemi gwajin ƙwayar a wajen awo. Idan ƙwayar ta yi yawa a jininta, akwai maganin da ke rage haɗarin ga ɗan.

3. Aski, kaciya, ƙaho, yankan farce: kowa da rezarsa. Wanzami na ƙwarai ba zai ji haushi ba don an miƙa masa sabuwa.

4. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a zubar, kada a ce asara ce. Gubar fumfunar idan ta haɗu da ƙwayar, haɗarin ninkuwa yake. A shanya amfani ya bushe sarai kafin ya shiga rumbu.

5. Wanda gwaji ya nuna yana ɗauke da ƙwayar ya riƙe likita, ya nisanci barasa da jiƙe-jiƙen da bai san haɗinsu ba. A gwada matarsa da 'ya'yansa, amma kada a ware masa kwano, cin abinci tare ba ya yaɗa ta.