Wasa Farin Girki

'Ya'yana, kwanan baya jikana ya same ni a zaure, kwamfuta a cinya, fuska a murtuke. Na ce lafiya? Ya ce wata uku ke nan yana koyon gina shafin intanet, amma har yau bai samo dabarar da za ta kawo kuɗi ba. Na ce to me ka gina a wata ukun? Ya ce ai bai fara ba tukuna, babbar dabara yake jira. Dariya ta taso mini na danne, don na lura ba shi kaɗai ke fama da wannan ciwon ba. Abin da na gaya masa a ranar shi nake so ku ma ku ji.

Ni da furfurata na shiga wannan harka. Ina malamin lissafi a sakandare lokacin da shagunan intanet suka fara yawa a gari, ana biyan kuɗin awa, mutum na zaune yana kallon agogo. Wani yaron shago ne ya nuna mini cewa kowane shafi yana da ciki, ana iya buɗe shi a ga rubutun da aka gina shi da shi. Na koma gida na kasa barci. Abin da na fara ginawa shi ne shafin kacici-kacicin da mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, take yi mana da dare. Guda ashirin da 'yan kai ne kawai. A sama na rubuta ƙulunƙulufita, a ƙasa tambaya, shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, sai ka danna maɓalli sannan tsintsiya ta bayyana. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ya biya ni ko kwabo.

Da na ɗora shi na buɗe a wata kwamfutar, sai na ga abin takaici. Duk inda na rubuta ƙasa ya koma Æ™asa, haruffanmu masu lanƙwasa duk sun rikiɗe sun zama kamar rubutun aljanu. Maraice uku ina kai da kawo. A ƙarshe na gano cewa kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani, kuma ƙ ɗinmu lambobi biyu ake haɗawa a ajiye ta. Burauzar kuwa tana karanta kowace lamba daban, da tsarin haruffan Turawan yamma. Maganin layi ɗaya ne a kan shafin, wanda ke gaya mata ta yi amfani da UTF-8. Yau fiye da shekara ashirin ban manta ba. Da a aji aka karanta mini shi, da kafin Juma'a ya bi iska.

Bari in ba ku labarin Wordle, amma ku saurara har ƙarshe kafin idonku ya rufe da kuɗi. Josh Wardle injiniyan manhaja ne ɗan yankin Wales da ke zaune a Brooklyn ta Amurka. Abokiyar zamansa tana son wasannin kalmomi, sai ya gina mata ɗan wasa: a canki kalma mai harafi biyar cikin gwaji shida, kore in harafi ya zauna daidai, rawaya in yana cikin kalmar amma ba nan ne gurbinsa ba. Tun 2013 ya taɓa gwada shi ya ajiye, sai lokacin annobar korona ya sake ɗaukowa. Ita ce ma ta zauna ta tace kalmomin, daga sama da dubu 12 aka rage zuwa dubu biyu da 'yan ɗaruruwa waɗanda mutane suka sani. A watan Oktoban 2021 ya buɗe wa kowa. A farkon Nuwamba mutum 90 ke bugawa, zuwa farkon Janairun 2022 sun kai 300,000, kafin watan ya ƙare jaridar New York Times ta saye shi a kan kuɗin da ya haura dala miliyan ɗaya.

Na san inda kunnenku ya tsaya. Ni kuwa abin da ya burge ni daban ne. Kafin a saye shi, wasan ba talla, ba rajista, ba ya neman lambar wayar kowa, kalma ɗaya tak a rana, in ka gama ka tafi harkarka. Jerin kalmomin ma a lokacin a cikin shafin yake, kwanan wata ne ke zaɓo ta ranar. Ba ɗan kasuwar da zai tsara haka, don shi so yake ka wuni a shagonsa. Mutumin ya gina ne don mutum ɗaya da ya sani, shi ya sa abin ya fito da tsabta. Bayansa ɗaruruwa sun kwaikwaya don neman abin duniya, yau wa ke tuna sunansu?

Haka wasan 2048, wani ɗan Italiya mai shekara 19, Gabriele Cirulli, ya gina shi a ƙarshen mako ɗaya cikin Maris 2014, ya sake shi kyauta, kuma bai ɓoye cewa a jikin wasannin wasu ya samo dabarar ba. Ku riƙe wannan halin, in kun ɗebo a rijiyar wani ku faɗa. Harshen PHP ma, wanda WordPress da Wikipedia ke tafiya a kansa, asalinsa 'yan kayan aiki ne da Rasmus Lerdorf ya haɗa wa shafin kansa a tsakiyar shekarun 1990 don ya ga masu leƙo shi.

Amma in gaya muku gaskiya, cikin dubu da ke irin wannan wasa, da ƙyar ɗaya ke yin suna, kuma sauran ba su yi asara ba. Yarinyar da ke tuwon ƙasa a bayan ɗaki ba wanda ke cin tuwonta, amma a nan hannu ke sanin muciya.

Don haka ku zaɓi abu ƙarami, wanda za ku iya gamawa kafin sha'awar ta huce, kuma ku sa fuskar mutum ɗaya a gabanku. Ƙanwarka da ke fama da haddar sau-sau. Kawunka mai shayi da ke son lissafin cinikin rana. Ko ku gwada irin Wordle da Hausa, ku ga yadda kai zai yi zafi: sh harafi ɗaya ne ko biyu? Ts fa? Ina za ku sa ƙ da ɗ da ɓ a madannan wasan, tunda da yawa ba su da su a waya? In mutum ya rubuta kasa yana nufin ƙasa, ya ci ko ya faɗi? Ba wani darasin bidiyo daga waje da zai warware muku wannan, ku ne za ku zauna ku yanke hukunci, kuma a wurin yanke hukuncin ne ake zama magini.

Kayan aikin ba su da yawa. HTML ne ginin, CSS ne shafe da fenti, JavaScript ne ke sa ƙofa ta buɗe in an taɓa. Fayil uku a cikin jaka ɗaya sun isa, kuma kuna iya buɗe su a burauza ko babu data. In kun gama, GitHub Pages na ɗaukar irin wannan shafi kyauta. Kada ku yarda a ruɗe ku cewa sai kun haɗiye manyan kayan zamani goma kafin ku rubuta layin farko. Sannan ku tausaya wa mai buɗewa. Hoto ɗaya da ba a rage masa nauyi ba yana iya cin megabait huɗu, alhali shafin gaba ɗaya bai kamata ya kai haka ba. Ku gwada a tsohuwar wayar innarku, ba a sabuwar taku ba.

Na san yanzu akwai manhajojin da ke rubuta muku komai in kun tambaya. Ban hana ku ba, ni ma nakan tambaye su. Sharaɗina ɗaya ne: kada ku ɗora layin da ba za ku iya yi wa ƙaninku bayaninsa ba. In ba haka ba, ranar da abin ya lalace za ku tsaya kamar baƙo a gidanku.

Akwai kuma amana. Abin da ka ɗora a intanet ka ajiye shi ne a bakin kasuwa. Lambobin wayar 'yan ajinku, hotunan 'yan uwa mata, littafin adashen unguwa, kalmar sirri, duk ba wurinsu ba ne, ko da wasa ne. Kuma ku ajiye kwafi a hannunku. GeoCities, inda miliyoyin mutane suka gina 'yan shafukansu, an rufe shi a 2009. Nawa shafin kacici-kacicin a wani wurin kyauta daban yake, rana ɗaya na duba na tarar babu shi, kwafin kuma yana cikin faifan da ya daɗe da lalacewa. Guda bakwai daga ciki har yau na kasa tunowa, mai ba ni su kuma ta riga mu gidan gaskiya. Dare ma yana da haƙƙi, wannan aikin yana da daɗin da ke sa mutum ya ce saura kaɗan har a kira assalatu.

Jikan nawa dai ya tafi yana gunaguni. Bayan mako biyu ya dawo da ɗan shafi da ya gina wa kakarsa, wadda ke aika man gyaɗa kasuwanni: ka buɗe, ya gaya maka yau kasuwar ina ke ci. Ranar Alhamis ce. Ya miƙa mata wayar yana murmushi, ta sa tabarau ta duba, ta ce kai ɗan nan, Wudil ai sai Juma'a, yau Maigatari ke ci. Ya karɓe wayar da sauri. Ashe ya jera kwanakin daga Litinin, ita kuwa JavaScript daga Lahadi take fara ƙirga, kuma da sifili take farawa, sai kowace rana ta zame gaba da ɗaya. Ya ɗago ya dube ni. Na ce ni ba ruwana, na ci gaba da shan kununa. Kafin la'asar na ji shi daga cikin gida yana ƙwala kira, Hajiya, Hajiya, sake dubawa.