Darasi: Yadda Tashar Jirgin Ƙasa Take Raya Gari

A Sundimina da sauran garuruwan ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, in aka ce tasha, tashar mota ake nufi, domin layin dogo bai taɓa ratsa wannan yanki ba. Amma a watan Fabrairu na 2021 Gwamnatin Tarayya ta aza harsashin sabon layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. A cikin tsarin aikin akwai reshe da zai taso daga Kano ya tsaya a Dutse, wadda ba ta da nisa da Birnin Kudu. Saboda haka ya kamata manoma da ɗaliban yaƙi da jahilci su san abin da tasha kan jawo wa gari.

Tashoshin Da

Jirgin ƙasa ya fara isowa Kano a 1911. Kafin lokacin, sai da raƙuma da jakuna ake fitar da kaya. Da jirgi ya zo, sai cinikin gyaɗa ya bunƙasa, har aka riƙa tara buhuna dala-dala a Kano ana jiran tarago.

A 1930 aka kammala layin da ya tashi daga Kano zuwa Nguru. Wannan layi ya ratsa ƙasar da ta zama Jihar Jigawa a 1991, ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa. Malam Madori ita ce tashar da ƙasar Haɗeja ta dogara da ita. Kamfanonin Turawa suka kafa kantuna da sikeli kusa da tasha, dillalai da 'yan dako da masu sayar da abinci suka biyo baya, ƙaramin wuri ya zama babbar kasuwa. Da noman gyaɗa ya ja baya bayan fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970, kuma manyan motoci suka ƙwace dakon kaya, sai kasuwar waɗannan tashoshi ta yi sanyi. Tashar da ta dogara ga kaya iri ɗaya, in kayan ya faɗi, ita ma sai ta faɗi.

Tashar Masu Sammako

Akwai wata irin tasha wadda ba don kaya aka gina ta ba, don mutane ne masu kwana a gefen birni su shiga aiki da safe su komo da yamma. Ƙasar da ta yi fice a wannan tsari ita ce Japan, can gabashin Asiya. A can, layukan da ke kai mutane manyan birane irin su Tokiyo da Osaka da yawansu na kamfanonin 'yan kasuwa ne, kamar Tokyu da Odakyu da Hankyu.

Labarin Hankyu abin lura ne. A 1910 kamfanin ya buɗe layinsa daga Osaka zuwa wasu ƙauyuka inda babu fasinjoji sosai. Jagoransa, Kobayashi Ichizo, ya riga ya sayi filaye kusa da inda tashoshi za su kasance. Sai ya gina gidaje a garin Ikeda, ya sayar wa ma'aikata, suna biya wata-wata har shekara 10. Duk wanda ya sayi gida ya zama fasinjan kullum. A 1929 kuma kamfanin ya buɗe babban kanti a tasharsa ta Umeda a cikin Osaka.

A irin waɗannan ƙananan tashoshi, ma'aikaci ko ɗan makaranta kan hau keke daga gida, ya ajiye a wurin ajiya na bakin tasha. Yana da tikitin wata guda ko fiye, wanda ya fi sayen na kullum sauƙi. An rubuta lokacin kowane jirgi a allo, kuma jirgi ba ya jiran kowa. In aka yi latti, kamfani kan ba fasinja takardar shaida ya nuna a wurin aiki.

Nijeriya ma ta fara ganin irin wannan. Tun da aka buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, ma'aikata da yawa kan shiga jirgi a tashar Rigasa su sauka a Kubwa ko Idu.

Abin Da Ya Kamata A Lura

Na farko, ƙasa. A Malam Madori da Ikeda duka, wanda ya riƙe fili kusa da tasha shi ya fara cin moriya. Idan baƙo ya zo yana zawarcin gona da kuɗi a hannu, kada manomi ya yi gaggawa. Ya shawarci 'yan'uwa da dagaci, ya kuma nemi takardar shaidar gonarsa. Dokar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da takardar mallaka ta gargajiya a karkara. Kada kowa ya dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ke cikinta ba.

Na biyu, kaya. Masu noman shinkafa da riɗi da tumatir da masu kiwo za su fi samun rangwamen dako idan sun haɗa kai a ƙungiyar gama kai, suka tara kaya wuri guda.

Na uku, karatu. A tashar mota, ɗan kamasho kan kira sunan gari da ƙarfi. A tashar jirgi kuwa, sunan gari da lokaci da kuɗi da lambar kujera duk a rubuce suke. Wanda bai iya karanta agogo da tikiti ba, ko jirgi ya tafi ya bar shi, ko ya faɗa hannun 'yan damfara. Da ma an ce, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Na huɗu, tsare rai. Jirgi ba ya iya tsayawa nan take kamar mota. Makiyaya da yara su guji zama ko kora dabbobi a kan dogo, a tsallaka ta inda aka keɓe kaɗai.

Tambayoyi

1. A wace shekara jirgin ƙasa ya iso Kano?
2. Faɗi garuruwa uku na Jihar Jigawa da layin Nguru ya ratsa.
3. Ta yaya kamfanin Hankyu ya samo wa jirginsa fasinjoji?
4. Idan jirgi zai tashi da ƙarfe 7:15 na safe, kuma tafiya zuwa tasha minti 40 ce, da ƙarfe nawa ya kamata a bar gida?