Kiwon Lafiya: Illar Daina Shan Maganin Ciwon Damuwa Farat Ɗaya

Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini ko ciwon sukari. Mai shi yakan wuni cikin baƙin ciki, kullum, har fiye da mako 2. Abinci ba ya yi masa daɗi, barci ba ya zuwa, aikin da ya saba yi ya fita daga ransa. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da shi a duniya, kuma mata sun fi maza yawa.

Ciwon yana da magani a asibiti, kuma ana warkewa. Amma mutane da yawa da zarar sun ji sauƙi sai su ajiye maganin. Darasin wannan wata zai bayyana abin da hakan ke jawowa, da kuma hanyar da ta dace a bi.

Sunayen magungunan

Yana da kyau mai karatu ya iya gane sunan maganin a jikin kwali. Wanda aka fi samu a asibitocin karkara shi ne amitriptyline, domin yana da araha. Akan sha shi da dare saboda yana sa barci. Akwai kuma imipramine, da fluoxetine, da sertraline, da paroxetine, da venlafaxine.

Waɗannan magunguna ba sa aiki nan take kamar maganin ciwon kai. Akan yi mako 2 zuwa 4 ana sha kafin a fara jin sauƙi. Bayan an ji sauƙin ma, likitoci sun ce a ci gaba da sha aƙalla wata 6. Wanda ciwon ya sha dawo masa yana iya wuce haka.

Misali

A ɗauki misalin wani manomi da ciwon damuwa ya kama bayan rasuwar matarsa. Likita ya ɗora shi a kan amitriptyline. Ya yi wata 4 yana sha, barci ya dawo, ya koma zama cikin jama'a. Sai damina ta faɗi, aikin gona ya yi yawa, maganin kuma ya ƙare. Zuwa asibiti zai cinye masa wuni guda da kuɗin mota. Sai ya ce ai ya warke.

A rana ta 3 ya tashi da ciwon kai da tashin zuciya. Da dare sai gumi da munanan mafarkai. Abu kaɗan sai ya fusata ya hau yara da faɗa. Wasu 'yan uwa suka ce iska ce, wasu suka ce sammu aka yi masa. Har an fara maganar sayar da akuya don neman taimako, sai babban ɗansa ya ɗauko katin asibiti ya karanta. Ya ga ranar komawa ta wuce da kwana 10. Da suka je, likita ya mayar da shi kan maganin, cikin 'yan kwanaki jikinsa ya daidaita.

Me ya sa jiki ke rikicewa?

A cikin ƙwaƙwalwa akwai sinadarai masu kai saƙo daga wannan jijiya zuwa waccan. Ɗaya daga cikinsu shi ake kira sirotonin. Maganin damuwa yana canza yadda waɗannan sinadarai ke aiki. Idan aka yi watanni ana sha, ƙwaƙwalwa takan saba da shi, ta daidaita aikinta a kansa. In aka janye shi rana ɗaya, sai ta rikice kafin ta sake sabawa. Wannan rikicewa ita ce mutum ke ji a jikinsa.

Magungunan sun bambanta. Paroxetine da venlafaxine suna saurin fita daga jiki, saboda haka sun fi kawo matsala. Ko kwana 1 ko 2 aka tsallake ana iya ji. Fluoxetine kuwa yana daɗewa a jiki, yana fita sannu a hankali, don haka matsalarsa ba ta kai tasu ba. Wanda ya daɗe yana shan magani, ko yake shan mai yawa, ya fi shiga haɗari.

Alamomin da ake gani

Yawanci alamomin sukan fara cikin kwana 2 zuwa 5 bayan an daina. Ga waɗanda aka fi sani:

1. Jiri, kamar ƙasa tana juyawa.
2. Tashin zuciya, amai, ciwon ciki ko gudawa.
3. Ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, gumi da kasala, kamar mura za ta kama mutum.
4. Rashin barci da munanan mafarkai.
5. Jin wani abu ya fizgi kai ko jiki, kamar an taɓa wayar lantarki.
6. Saurin fushi, fargaba, da kuka ba dalili.

Ba kowa ne ke samun su ba. A shekarar 2024 wasu masana a ƙasar Jamus sun tattara binciken da aka yi a kan mutane fiye da 20,000. Sun gano cewa kimanin mutum 1 cikin 6 ko 7 ne daina maganin ke jawo wa waɗannan alamomi. Kimanin 3 cikin 100 kuwa abin yakan yi musu tsanani. Ga yawancin mutane alamomin sukan wuce cikin mako 1 ko 2. Wasu kuma sukan yi watanni suna fama.

Ciwon ne ya dawo?

Wannan tambaya tana da muhimmanci, domin abubuwa biyu ne daban. Alamomin daina magani suna zuwa da sauri, cikin kwanaki. Suna haɗawa da abubuwan da mutum bai taɓa ji ba, kamar jiri da fizgar lantarki. Idan aka koma kan maganin sukan lafa cikin 'yan kwanaki.

Dawowar ciwon damuwa kuwa a hankali take zuwa, bayan makonni ko watanni. Baƙin cikin da aka sani a da shi ne ke sake lulluɓe mutum. Wanda ya daina magani kafin lokaci ya fi fuskantar wannan. Likita ne zai tantance wanne ne a ciki. Saboda haka a riƙe ranar da aka daina sha da ranar da alamomin suka fara, a faɗa masa.

Ba irin ƙwayar maye ba ne

Wasu na gudun maganin don tsoron kada ya zama musu jaraba, kamar tramadol ko kodin. Akwai bambanci. Mai shan ƙwayar maye yana ƙwaɗayinta, yana neman buguwa, kullum yana ƙara yawanta. Maganin damuwa ba ya bugarwa, ba ya sa ƙwaɗayi. Abin da ke akwai shi ne jiki yana sabawa da shi, kuma rabuwa da shi na bukatar tsari.

Yadda ake dainawa

Wanda ya hau rumbu da tsani, da tsani ya kamata ya sauko. In ya diro yana iya karya ƙafa. Haka maganin damuwa yake. Likita yakan rage yawansa mataki-mataki, yawanci cikin mako 4 ko fiye. Wanda ya yi shekaru yana sha yana iya bukatar watanni. Matakan ƙarshe su ne aka fi bi a hankali. Idan alamomi suka taso a hanya, likita na iya mayar da mutum matakin baya, a huta, sannan a ci gaba. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai dalilan da ke sa mutane daina sha, kuma kowanne yana da mafita:

Idan maganin yana busar da baki, ko yana sa yawan barci, ko yana rage sha'awar iyali, a faɗa wa likita ba tare da kunya ba. Yana iya rage shi ko ya canza wani.

Idan kuɗi ne suka yi wuya, a faɗa, domin wani maganin ya fi wani araha.

Idan azumi ya zo, a nemi shawara tun kafin a fara. Yawancin waɗannan magunguna sau ɗaya ake sha a rana, ana iya mayar da su lokacin sahur ko bayan shan ruwa.

Idan mace ta sami juna biyu ko tana shayarwa, kada ta daina da kanta. Ta hanzarta zuwa asibiti a duba abin da ya fi dacewa da ita da jaririn.

Aikin iyali

Mai ciwon damuwa yana bukatar mai tuna masa. A sami mutum ɗaya a gida wanda ya iya karatu ya riƙa duba katin asibiti. A ƙirga ƙwayoyin, a koma karɓo wasu tun saura na mako 1. A ajiye magani inda yara ba za su kai ba, domin amitriptyline in ya yi yawa yana taɓa zuciya, har ya yi kisa. Kada a ba wani maganin wani.

Mai jin jiri kada ya hau babur, kada ya hau bishiya, kada ya tsaya bakin rijiya jan ruwa. Idan kuwa ya fara cewa ya gaji da duniya, ko yana maganar kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai. A kai shi asibiti a ranar. Asibiti mafi kusa zai iya tura shi ga ƙwararru, kamar asibitocin ƙwaƙwalwa da ke Kaduna, da Kware a Jihar Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano.

Tambayoyi

1. Wata nawa ya kamata a ci gaba da shan magani bayan an ji sauƙi?
2. Kawo alamomi 4 da ake gani idan an daina magani farat ɗaya.
3. Ta yaya ake bambanta alamomin daina magani da dawowar ciwon?
4. Me ya kamata mai shan magani ya yi kafin azumi?
5. Ɗauko kwalin wani magani a gida, ka rubuta sunansa a littafinka, ka nuna wa malamin aji.