Taura Biyu Tana Taunuwa?

Sau da yawa idan ɗalibi ya ce zai haɗa adabin Ingilishi da Faransanci a jami'a, sai iyaye su ce taura biyu ba ta taunuwa. To, 'yan'uwana ɗalibai, a nan kam tana taunuwa, ga kuwa dalili.

Da farko dai, harsunan nan biyu sun daɗe da cuɗanya. A shekarar 1066 mayaƙan Normandi suka ƙetaro daga Faransa suka ci Ingila. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a wajen shekara 300, kalmominsa suka cika Ingilishi maƙil. Saboda haka mai jin Faransanci ba ya shan wuyar waƙoƙin Chaucer kamar wanda ba ya ji.

Na biyu, marubutan Afirka ta Yamma da harsunan biyu suka yi rubutu. An buga littafin Camara Laye na Gini, L'Enfant noir, a 1953, na Chinua Achebe kuwa, Things Fall Apart, a 1958. Mai harshe ɗaya sai ya jira mai fassara, mai biyu kuwa ya sha daga tushe.

Amma fa aikin ba wasa ba ne. Ga tulin littattafai, ga nahawu kullum, ga zaman koyon magana a ƙauyen Faransanci na Badagry, wanda aka kafa a 1991. Wanda ya yi wasa da darasin Faransanci yanzu, shi ya rufe wa kansa wannan ƙofa.

Iyaye, ku ba mu goyon baya. Allah ya ba mu sa'a, amin.