Maganin Tsoron Hawan Baƙon Doki

Duk shekara, da zarar Salla ta matso, hankalin samari a garuruwa irin su Kano da Katsina da Zariya da Daura yakan koma kan hawa. Mai doki yana gyara nasa, wanda ba shi da shi kuwa yana neman aro ko haya. To, a nan ne abin da nake so in yi magana a kansa yake tasowa. Sau da yawa akan ɗora yaro a kan dokin da bai taɓa gani ba sai ran nan, a sa shi cikin ayari, ga ƙarar bindiga, ga tambura, ga guɗa. Gabansa na faɗuwa, amma ba shi da halin faɗa, don kada abokai su ce masa matsoraci. Wani Allah ya kiyaye ya sauka lafiya, wani kuwa a ƙare Salla da shi a gidan mai ɗori. Da yake mun kusa tafiya hutu, kuma wasu daga cikinmu za a ba su doki su hau, na ga ya kamata in rubuta ɗan abin da na koya game da wannan tsoro da yadda ake maganinsa.

Abin da zan faɗa daga wuri biyu na samo shi. Na farko bargar kawuna, inda wani dattijo yake kula da dawaki tun kafin a haife ni. Na biyu darasin kimiyya da littattafan da ke laburarenmu. Na lura duk inda maganar dattijon nan ta nufa, nan maganar littafi ta nufa, watau mutum ba ya rabuwa da tsoron doki sai ya gane cewa dokin ma tsoronsa yake ji.

Bari mu fara da halittar doki. Duk girmansa da ƙarfinsa, doki ba mafarauci ba ne kamar zaki ko kura. Ciyawa yake ci, kuma a daji shi ake farauta. Saboda haka babban makaminsa gudu, ba ya harbi ko cizo sai in ya ga an tare masa hanya, ko kuwa an taɓa cutarsa ya riƙe abin a ransa. Idanunsa a gefen kai suke, yana ganin kusan ko'ina kewaye da shi ba tare da ya waiwaya ba. Amma akwai wuri biyu da ba ya gani, watau daidai bayan wutsiyarsa, da kuma daidai gaban goshinsa kurkusa. Wannan ya sa wanda ya ɓullo masa ta baya ba tare da ya yi magana ba yakan sha harbi. Fatarsa kuwa tana jin saukar ƙuda, har ya girgiza wurin ya kore shi. Dabbar da ke jin ƙafar ƙuda, ina ga rawar ƙafar mahayi?

Doki ba ya ɓoye abin da ke ransa, sai dai ga wanda bai iya dubawa ba. In kunnuwansa suna tsaye suna fuskantar gaba, akwai abin da ya ɗauki hankalinsa. In suna juyawa nan da can, yana saurare ne, hankalinsa bai gama kwantawa ba. In ya kwantar da su baya sun manne da wuya, to, fushi yake yi, a ja da baya. In ya ɗaga kai sama, farin idonsa ya bayyana, hancinsa ya buɗe yana huci, ya tsorata. In kuwa ya sunkuyar da kai, leɓensa na ƙasa ya saki, ya ɗan ɗage ƙafar baya ɗaya yana hutar da ita, wannan doki ne mai natsuwa. Wanda ya san waɗannan alamu ya rage rabin tsoronsa, domin abin da ya fi firgita mutum shi ne rashin sanin abin da dabba za ta yi.

Yanzu sai mu dubi mahayi. Malaminmu na kimiyya ya bayyana mana cewa in mutum ya tsorata, jikinsa yakan saki wani sinadari cikin jini da ake kira adirinalin. Nan da nan zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarce, tsoka ta ɗaure, tafin hannu ya yi gumi. Mai tsoro a kan sirdi yakan matse doki da ƙafafu, ya kuma ja linzami da ƙarfi. To, matsewa da ƙafa umurni ne na tafiya, jan linzami kuwa umurni ne na tsayawa. Ka ga an gaya wa doki ya tafi, an kuma gaya masa ya tsaya, duk a lokaci guda. Sai ya rikice, ya fara rawa ko tirjiya, mahayi ya ƙara tsorata, ya ƙara matsewa. Da haka tsoron kowannensu ke ƙara wa na ɗan'uwansa wuta har a kai ga faɗuwa.

Masana sun gwada wannan abu. A shekarar 2009 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a ƙasar Suwidin. An sa wa mutane da dawaki na'urar auna bugun zuciya, wasu na jan dawakin, wasu na kansu, suna kai da komowa tsakanin wuri biyu. Kafin zagaye na ƙarshe aka gaya wa mutanen cewa za a buɗe laima ba zato in sun zo wucewa. Ba a buɗe laimar ba, amma duk da haka bugun zuciyar mutanen ya ƙaru, na dawakin ma ya ƙaru. Dawakin ba su ji gargaɗin ba, ba su ga laima ba, daga jikin mutanen suka ɗauki fargabar. Dattijon bargarmu bai san da wannan bincike ba, amma kullum yakan ce mini, "Yaro, doki ta cinyarka yake jin zuciyarka."

Akwai kuma wani abu game da linzaminmu na gargajiya da ya kamata kowane mahayi ya sani. Yana da ƙarfe da ke danna dasashin doki na sama in an ja shi, da zobe da ke kewaye haɓarsa. Shi ya sa gwanaye ke iya tsayar da doki cak yana cikin sukuwa, su yi zamiya a gaban sarki. Amma a hannun mai fargaba wannan linzami azaba ne. Dokin da aka fizge wa baki yakan miƙe a kan ƙafafun baya, har wani lokaci ya faɗo ta baya a kan mahayinsa. Hannu mai laushi ya fi hannu mai ƙarfi amfani a kan doki.

Sa'an nan a bambanta baƙon doki da ɗanyen doki. Baƙon doki yana iya zama horarre, kai ne dai bai sani ba. Ɗanye kuwa bai gama koyon ɗaukar mutum ba. Haƙora ke nuna shekarunsa. Haƙoran nono na tsakiya sukan faɗi yana da shekara biyu da rabi, na kusa da su a uku da rabi, na gefe a huɗu da rabi, bakinsa ya cika yana da kamar shekara 5. Ƙashin bayansa ma ba ya gama ƙwari sai wajen shekara 5 zuwa 6. Horar da duƙushi aikin gwanaye ne. Mai koyo da doki mai koyo ba su dace da juna ba, dole ɗayansu ya kasance ya san abin da ake ciki.

Ga yadda aka bi da ni a hutun bara. Kawuna ya sayo wani akawal daga kasuwar Maigatari, an hore shi, amma da sauran ƙuruciya, ko takarda iska ta kaɗa sai ya zabura. Ni kuwa tun ina ƙarami wani tsohon kili mai sanyin hali na saba hawa. Da kawu ya ce ni zan hau akawal ɗin, sai na ji cikina ya ɗuri ruwa. Na sami dattijon nan na ce, "Baba, gaskiya ina jin tsoron dokin nan." Bai yi mini dariya ba. Ya ce, "Madalla da ka faɗa. Wanda ya ce ba ya tsoro shi nake jin tsoron ba doki. Gobe da asuba ka zo, amma ba hawa za ka yi ba."

Kwana huɗu na farko ban ko taɓa sirdi ba. Ni ke kai masa harawa da dusa, ni ke ba shi ruwa, ni ke share gindin turkensa. Nakan tunkare shi ta wajen kafaɗar hagu, ina yi masa magana a hankali, in bar shi ya shinshini hannuna, sa'an nan in shafa wuyansa. Daga nan na fara goge masa jiki da taje geza. Ran na biyar na kama ragama na ja shi muka zagaya bayan gida, in na tsaya ya tsaya, in na tafi ya biyo. Da muka zo kusa da wani tsohon buhu da ke rataye a jikin danga ya toge, sai Baba ya ce kada in ja shi da ƙarfi, in tsaya har ya miƙa wuya ya shinshina da kansa. Ba a daɗe ba ya wuce kamar ba shi ba.

Sai da aka yi mako guda kana na hau, shi ma a cikin fili mai rairayi, da sanyin safiya, Baba na riƙe da ragama. Ya sa na duba majayi sau biyu, domin doki yakan kumbura ciki lokacin ɗaura sirdi, in ya saki sai sirdi ya yi sako-sako. Ya sa na daidaita likkafa, ya ce in sa gaban ƙafa kawai, kada in zura ta duka, don in an faɗi kada ta sarƙafe doki ya ja mutum a ƙasa. Na yi bisimilla da addu'ar hawa, na zauna a hankali ba tare da na faɗa masa a baya ba. Ya ce in ja numfashi mai tsawo sau uku, in saki kafaɗu, in dubi inda za ni, in daina kallon kunnuwan doki ko ƙasa. Ran nan taƙama kawai muka yi, minti 15 na sauka. Kullum ana ɗan ƙarawa, har ya saki ragama, har muka fara fita kilisa tare da tsohon kilin nan a gaba, domin doki dabbar garke ce, in ya ga babba bai firgita ba shi ma yakan natsu. Daga baya muka riƙa ratsa bakin kasuwa da inda makaɗa ke wasa, daga nesa tukuna, sa'an nan kusa. Ban san ranar da tsoron ya tafi ba, na dai lura wata safiya ina kan sirdi ina hira.

Ko an bi duk wannan, wata rana doki zai zabura, saboda haka a san abin yi tun kafin ta faru. In ya kwasa da gudu, kada a yi ihu, kada a ja linzami da hannu biyu a maƙale. A zauna daram cikin sirdi, in akwai fili a karkata kansa gefe guda a hankali ya shiga zagaye, a yi ta rage faɗin zagayen har ya tsaya. In ya miƙe tsaye, a karkata gaba, a sassauta linzami, a kama geza. In ya tsorata da wani abu, kada a sa masa bulala ko ƙaimi, domin zai haɗa zafin dukan da abin da ya gani, gobe tsoronsa ya ninka. Wanda ya sami hular kwano kuma ya sa lokacin koyo. 'Yan wasan folo na Kaduna da Katsina gwanayen hawa ne, amma ba sa shiga fili sai da ita.

Akwai tsoron da bai kamata a kore shi ba, shi ne wanda ke hana mutum ganganci. In an kawo maka doki ran jajibere aka ce gobe ka shiga ayari da shi, ka tambayi mai shi halinsa: ya taɓa fita hawa? Yana jure ƙarar bindiga? Yana faɗa da wasu dawaki? In amsar ba ta gamsar da kai ba, ka nemi a sa mai riƙe maka ragama, ko a canja maka wani, ko ka haƙura sai baɗi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, sun kuma ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Dariyar abokai kwana biyu ce, karaya kuwa tana iya hana ɗalibi zaman jarrabawa. Ban da haka, dokin da ya ƙwace cikin taro ba mahayinsa kaɗai yake cuta ba, akwai yara da tsofaffi 'yan kallo a bakin hanya.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, duk wanda aka yi wa alkawarin doki a wannan hutu, ya fara da zuwa barga tun ranar da ya isa gida. Ya gai da masu kula da dawakin, ya saurari abin da za su gaya masa, ya ɗauki tsintsiya da bokitin ruwa kafin ya nemi sirdi. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya kai mu hutu lafiya, ya sa kowa ya hau lafiya ya sauka lafiya, amin.