DARASI: ILIMIN MUHASABA DA MATSAYINSA GA SAURAYI MUSULMI

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya 'yan'uwa samari da 'yanmata, darasinmu na wannan fitowa a kan ilimin muhasaba ne, wato aikin akanta.

Asalinsa a Shari'a

Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani ita ce ta 282 a Suratul Baƙara, kuma ta sauka ne a kan rubuta bashi. Allah Ya umarci a rubuta shi ƙarami ne ko babba, da ajalinsa, a hannun marubuci mai adalci, a gaban shaidu. A Sunna kuma, Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi wa Ibnul Lutbiyya lissafi da ya dawo daga karɓar zakka, ya kuma yi inkarin abin da ya keɓe wa kansa da sunan kyauta. Sayyidina Umar ya kafa diwani domin a rubuta sunayen mutane da haƙƙinsu a baitulmali. Saboda haka wannan ilimi yana cikin farillan kifaya: idan zango ya rasa mai shi, to kuɗin masallaci da na marayu da na makaranta suna cikin haɗari.

Abin da ake koya

Digiri na farko a kasuwanci da akanta shekara 4 ne. Tushensa ƙa'ida ɗaya ce: kadara daidai take da bashi haɗe da jari. Misali, mai shago yana da jarin sidi 10,000, ya ɗauki kaya bashi na sidi 4,000. Kadararsa 14,000 ce, amma nasa 10,000 ne kawai. Kowace mu'amala ana rubuta ta sau biyu, inda ta fito da inda ta shiga, ta yadda ake iya gano kurakurai da yawa. Luca Pacioli ne ya buga bayanin wannan tsari a Italiya a 1494. A kan wannan tushe ɗalibi yake koyon lissafin farashin kaya, haraji, dokar kasuwanci, kasafin kuɗi da aikin odita.

Misali daga Doha

'Yan'uwanmu da ke tuƙi a Katar sun san Madinat Khalifa, unguwar da babban ofishin kula da zirga-zirgar motoci yake. Arewa da ita kaɗan Jami'ar Katar take. Ta fara a matsayin kwalejin horar da malamai a 1973, ta zama jami'a a 1977, ta buɗe kwalejin kasuwanci da tattalin arziki a 1985, inda ake karanta akanta. A 2012 hukumar ilimi ta ƙasar ta umarci a riƙa koyarwa da Larabci a wasu fannoni, har da kasuwanci. Haka nan a 2011 babban bankin Katar ya umarci bankunan ruwa su rufe sassansu na Musulunci, domin kada kuɗin halal ya cakuɗa da na riba. Bankunan Musulunci na ƙasar suna rubuta lissafinsu bisa ƙa'idojin AAOIFI, hukumar da aka yi wa rajista a Bahrain a 1991.

Ku lura da abin da wannan yake nufi. Murabaha, mudaraba, ijara da salam, waɗanda kuke karantawa a babin ciniki na fiƙihu, su ne kalmomin aikin akantan bankin Musulunci. Nahawu da fiƙihun da wasu ke cewa ba sa ba da abinci, jari ne idan aka haɗa su da lissafi.

Shubuha da jawabi

Wani zai ce: ai Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa an la'anci mai cin riba da mai bayar da ita da marubucinta da shaidunta. Gaskiya ne, kuma ba wasa ba ne. Amma koyon yadda ake lissafin ruwa domin a gane shi daban ne da zama a rubuta yarjejeniyarsa. Wurin taka-tsantsan shi ne zaɓen aiki bayan karatu. Asibiti, makaranta, kamfanin kayan halal da hukumar zakka duk suna buƙatar akanta. Inda abu ya rikice maka, tambayi malamai.

Nasiha

Kada ka jira biza kafin ka fara. Jami'ar Gana a Legon da KNUST a Kumasi suna ba da wannan digiri, sannan akwai jarrabawar ICAG, cibiyar akantoci da aka kafa a 1963. Ka riƙe darasin lissafi da Turanci da kyau tun kafin WASSCE. 'Yar'uwa, ke ma wannan kiran ya shafe ki. Ka karɓi littafin kuɗin ƙungiyarku ko shagon mahaifiyarka, ka rubuta shiga da fita, ka adana rasit, ka fitar mata da zakkar kayan ciniki, ɗaya cikin 40, idan nisabi ya cika shekara ta kewayo.

Annabi Yusuf (AS), da ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, siffa biyu ya ambata a aya ta 55 ta surarsa: tsarewa da sani. Amana ba ilimi tana jawo asara, ilimi ba amana yana jawo sata. Allah Ya haɗa mana su biyun, Ya sauƙaƙa mana hisabi ranar gobe. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.